Makarantar Bakin Gulbi

Hausawa sun ce gani ya kori ji, sun kuma ce tafiya mabuɗin ilmi. Babu malamin makarantar da bai san waɗannan karin magana ba, har ya kan rubuta su a allo ya sa yara su kwafa, amma kaɗan ne cikin malamai suka taɓa ɗaukar yaran nan su kai su inda za su gani ɗin. A Birnin Kebbi a kan sami yaro ɗan aji biyar ko shida wanda ya iya zana kifi a takarda, ya sa wa kowace gaɓa sunanta da Turanci, amma in aka ajiye masa tarwaɗa da ƙurungu a faifai ɗaya ba zai iya bambanta su ba. Ga shi kuwa gulbi yana nan bayan gari, mai tafiya ƙasa ya kan kai bakinsa tun rana ba ta yi zafi ba. Wannan rata da ke tsakanin aji da gulbi ita ce abin dubawa, domin a cikinta ne ilmi mai yawa ya ke zubewa ba a sani ba.

Gulbin da a ke magana shi ne Rima. Ruwansa ya taru ne daga koguna irin su Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya biyo ta Goronyo, ya sadu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya karkata kudu maso yamma ya wuce Argungu da Birnin Kebbi. A wannan yanki mutane su kan kira shi Gulbin Kabi. Can gaba Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su kan zubo masa, kafin ya kai kansa ga Kwara. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi gulbin ya shimfiɗa fadama mai faɗi ƙwarai. Da damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, sai ruwa ya fita daga makwancinsa ya rufe fadama duka. In kaka ta wuce ya janye sannu sannu, ya bar tafkuna da laka mai taki, inda shinkafa da albasa da kifi da tsuntsaye su ke samun rayuwa.

Mutanen wannan kwari sun daɗe da sanin ruwa. Wajen shekarar 1516 ne Muhammadu Kanta ya ƙi biyayya ga Askiya na Songhai, ya kafa mulkin Kabi, ya gina birninsa a Surame, wanda kufansa da ganuwarsa ta dutse suna nan har yau. An ce yana da jirgin ruwa babba wanda aka lulluɓe da tagulla, da shi ya ke kewaya ƙasarsa in ruwa ya cika. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har mayaƙan jihadi suka ci garin a 1805, Kabawa kuwa suka je suka tsaya a Argungu. Yau Birnin Kebbi shi ne mazaunin Sarkin Gwandu, shi ne kuma babban birnin Jihar Kebbi tun da aka yanke ta daga Sakkwato a 1991, Argungu kuwa mazaunin Sarkin Kabi. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar mota ba ta kai sa'a guda ba in hanya na da kyau.

Fitar da yara daga aji su kwana waje don su koyi zaman daji da sanin halitta al'ada ce da ta yi ƙarfi a waɗansu ƙasashe. A 1907 Baden-Powell ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea na Ingila suka yi zango na 'yan kwanaki, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo asali, ta iso Nijeriya a 1915. A 1941 aka buɗe makarantar Outward Bound a bakin teku a ƙasar Wales don koya wa samari jimiri, a 1951 kuma aka kafa irinta a Man O' War Bay ta ƙasar Kamaru, wadda jikarta ce cibiyar horo da ke duwatsun Shere kusa da Jos. A Ingila ya zama abin da aka saba a kai 'yan ajin ƙarshe na firamare su yi kwana biyu ko huɗu a wani gida da aka tanada kusa da daji ko tafki. A nan ƙasar kuwa abin da aka fi sani shi ne yawon wuni guda: a cika mota da yara, a kai su filin jirgin sama ko fadar Sarki, a ɗauki hoto, a komo kafin la'asar sakaliya.

Yawon wuni guda yana da amfaninsa, sai dai ga mai neman sanin halittun gulbi bai wadatar ba, dalili kuwa a fili ya ke. Motar makaranta ba ta isa bakin ruwa sai hantsi ya ɗaga, ta kan kuma juya tun rana na sama. To, wannan shi ne lokacin da gulbi ya ke barci. Masunta sun riga sun fito da abin da suka kamo, tsuntsaye sun shige inuwa, kifi ya yi ƙasa. Harkar gulbi duk tana tsakanin asuba da fitowar rana, da kuma tsakanin la'asar da almuru. Wanda bai kwana kusa ba ba zai ga ko ɗaya cikin biyun ba, sai ya koma gida yana cewa ya ga Gulbin Kabi, alhali kuwa ruwa da rairayi kaɗai ya gani.

Lokacin da ya fi dacewa da irin wannan tafiya shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. A sa'an nan ruwa ya janye, hanyoyin fadama sun bushe, sauro ya ragu, zafi bai kankama ba, baƙin tsuntsaye kuma suna nan. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Malami mai hankali ya kan fara zuwa shi kaɗai tun da sauran makonni, ya gaida hakimi da dagaci, ya nemi izni ga hukumar ilmi, ya ga ɗakin da yara za su kwana da rijiyar da za su sha, ya san inda asibiti ya ke. Sa'an nan ya tara iyaye ya gaya musu komi filla filla, kowa ya sa hannu a takarda. Kayan yaro ba su da yawa: tabarma, bargo, gidan sauro, kwano, buta, littafin rubutu da fensir. Wanda bai manta da fensir ba ya fi wanda ya ciko jaka da biskit.

Karatu ya kan fara tun a hanya. Daga Birnin Kebbi mota ta kan bi ta Zauro da Ambursa, inda filin jirgin sama ya ke, ta bi ta Alwasa, inda aka yi ƙazamin yaƙi tsakanin jama'ar Shehu da abokan gabansu a 1805. Fadama tana hannun hagu, tudu yana hannun dama, ya kuwa kamata a tsaya wuri guda a sauko da yara su dubi bambancin itatuwan wuraren biyu. Ga giginya da goriba, ga kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, ga bagaruwa wadda majema ke jima da 'ya'yanta. Abin da ya fi ba yara mamaki shi ne gawo. Duk itatuwa suna kore da damina su bushe da rani, shi kuwa ya saɓa musu, ya kan kaɗe ganyensa in ruwa ya sauka, ya tofo sabo in rani ya shigo. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa da kashin dabbobin da ke hutawa ƙarƙashinsa su kan zama taki, manomi kuwa ba ya sare shi.

In an isa Argungu, wurin da ya kamata a fara shiga shi ne gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, sun zauna cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, kaburburan sarakuna kuma suna ciki. A nan yaro zai ga masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan tsafi na dā, ya ga kuma kayan su. Ga homa, watau taru biyu masu baki na itace da masunci ke riƙewa ɗaya a kowane hannu ya haɗa su cikin ruwa kamar fikafikai. Ga kuma gora, ƙaton duma da masunci ke kwanciya bisansa ya yi iyo, ya kuma riƙa jefa abin da ya kama ciki. Ganin waɗannan a rataye ya kan shirya yaro ga ganinsu a hannun masu su da yamma.

Ba a zuwa bakin ruwan Kabawa sai an yi sallama da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, kowa da aikinsa na gado. Malami ya kan kai yara su durƙusa su ce, "Ranka ya daɗe," shi kuwa ya sa musu albarka, ya haɗa su da wani dattijo cikin masunta wanda zai zama malaminsu na wannan rana. Dattijon nan wataƙila bai taɓa zama a benci ba, amma in ya juye kwando a kan tabarma ya ce, "Ku matso, jikokina," sai a ga aji ya yi tsit irin wanda bulala ba ta taɓa samarwa ba. Ya kan ɗaga kifi ɗaya ɗaya ya faɗi sunansa da abincinsa da inda ya ke kwana da watan da ya ke ƙwai. Ga karfasa, ga tarwaɗa mai gashin baki, ga ƙurungu mai ƙaya da ke gurnani in an fito da shi, ga tsage mai haƙora kamar na kare, ga talibambam da ke kumbura kamar ƙwallo in an taɓa shi. Sarkinsu duka giwan ruwa, wanda babbansa ya kan fi ƙaton namiji nauyi.

Kifi biyu su suka fi jan tambaya. Na farko minjirya, wadda in mutum ya taɓa ta sai ya ji hannunsa ya yi wani irin girgiza har kafaɗa. Masunta sun san wannan tun kakanni, malamin makaranta kuwa shi zai ƙara da cewa wutar lantarki ce Allah ya halitta cikin naman kifin, da ita ta ke sumar da abin da za ta ci, ta kuma kāre kanta. Na biyu gaiwa. Ita tana da huhu, tana shaƙar iska kamar dabbar tudu. In tafki ya soma ƙafewa sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta lulluɓe kanta da majina wadda ke bushewa ta zama kamar jaka, ta bar ɗan rami na numfashi, ta kwanta nan wata da watanni har ruwa ya dawo. Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta ta ke ci, masana kimiyya da suka bincika kuwa sun tarar haka ɗin ne, naman jikinta ta ke narkarwa kaɗan kaɗan ta rayu da shi. Yaron da ya ji tsoho da littafi sun faɗi magana ɗaya a kan gaiwa, da wuya ya sāke raina ɗayansu.

A nan ne kuma wani abu ya kan faru wanda ba ya cikin tsarin darasi. A kusan kowane aji na wannan kwari akwai ɗan masunci ko ɗan makiyayi da ke zama a bencin baya, Turancinsa ba ya fita, a kan yi masa dariya in ya tashi karatu, shi ma har ya yarda cewa ba shi da ƙwaƙwalwa. Ranar da aka zo bakin gulbi sai al'amari ya juya. Shi ya san inda ƙasa ke da santsi, shi ya san sawun guza da na ƙififfiya a laka, shi ya iya riƙe ƙurungu ba tare da ƙaya ta soke shi ba. 'Ya'yan ma'aikata da ke ɗaukar na ɗaya a jarrabawa su kan biyo bayansa suna tambaya, har malami da kansa ya kan ce masa, "Zo ka gaya mana, wannan mene ne sunansa?" Yaron da aka yi wa wannan tambaya gaban jama'a ya kan koma aji da wani irin ƙarfin zuciya, sau da yawa kuma karatunsa na boko ya kan gyaru daga nan, don ya gane abin da a ke yi a gidansu ilmi ne.

In rana ta yi gora sai a zaunar da yara a kan tudu a ce kowa ya yi shiru. Wannan shi ne darasi mafi wuya ga ɗan shekara goma sha ɗaya, amma ladansa ba ya jinkiri. Balbelu su kan taso daga bayan shanu, jere jere, fari fat, su nufi itacen da su ke kwana. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Kirinjijiya su kan wuce sama suna fito, jemagu su fito daga kuka. Bayan sallar isha'i da tuwo, in an kashe fitila, yaron birni ya kan ga sama irin wadda bai taɓa gani ba, ga Kaza da 'Ya'yanta a tsaka, dattijo yana gaya musu yadda mutanen dā su ke lissafin damina da taurari. Ba a rasa mai kukan gida a daren farko, ba a kuma rasa wanda zai rarrashe shi ya raba bargo da shi. Wanke kwano da share ɗaki da jiran layi wajen buta, duk suna cikin abin da aka zo koya.

Da asuba, bayan salla, a kan koma bakin ruwa cikin sanyi. Jirage suna shigowa, mata masu sarin kifi suna jira da kwanduna, hazo yana tashi daga kan bado da kainuwa. A gefen laka akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da waɗansu agwagi waɗanda ba a ganinsu da damina. Baƙi ne daga Turai, sun gudo wa sanyin can, sun ƙetare teku da hamadar Sahara sun zo cin rani a fadamun ƙasar Hausa, in bazara ta gabato su koma. Masana su kan sa wa waɗansunsu zobe mai lamba a ƙafa, da haka aka gane hanyoyinsu. Shamuwa kuwa ba ta nan a wannan lokaci, ta tafi gabashi da kudancin Afirka, sai gab da damina ta komo ta yi sheƙa cikin gari, manomi ya gan ta ya gyara fartanya. Akwai kuma janbaki, ɗan tsuntsu da ke zuwa dubu dubai kamar hadari ya cinye gonar shinkafa, har gwamnati ta kan yi masa feshi da jirgin sama. Ya kamata yaro ya san shi ma, don kada ya ɗauka kowace halitta abar sha'awa ce ga mai gona.

Daga nan sai Matan Fada, wurin da duniya ta san Argungu da shi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa babban su don girmamawa, daga nan bikin ya ɗore. Ranar su dubban masunta su kan jeru da homa da gora, in aka buga bindiga su ruga su faɗa ruwa, cikin kamar sa'a guda a ga wanda ya fi kamo babba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gāda, a bikin 2020 kuma kifin da ya ci ya kai kilo 78. Yaran da suka zo ba ranar biki ba za su tarad da ruwan shiru, babu jirgi babu taru, a nan ne malami zai tambaye su dalili. Dalilin shi ne an hana su a wannan wuri duk shekara sai ranar da aka buɗe, Sarkin Ruwa kuma yana tsaron dokar. Da ba don hanin ba da kifi bai sami girma ba. Watau abin da ƙasashen duniya ke yi yau na keɓe wuri don kiyaye halitta, Kabawa suna yinsa da dokar gargajiya.

Dattawan masunta ba su ɓoye wa yara cewa gulbi ba kamar dā ya ke ba. An gama dam na Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, na Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Sun kawo ruwan sha da noman rani, amma sun sāke yadda ambaliya ke zuwa fadama, kifi kuwa a cikin ciyawar da ambaliya ta rufe ya ke ƙwai. Yashi yana cike makwancin ruwa, injunan ban ruwa suna zuƙa, waɗansu suna su da taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'ya, waɗansu ma da guba. Wata shekara ruwa ya yi kaɗan, wata shekara ya zo da hauka, kamar 2010 da 2020 da ya cinye gonaki da gidaje. Bikin kansa ya tsaya shekara goma bayan na 2009. Amma abin da ya ragu yana iya komowa in an kula. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura kimanin 50 a 1996, da gwamnati da mutanen ƙauyuka suka tsaya musu sai ga su sun haura 600. Waɗanda za su yanke wa Gulbin Kabi irin wannan shawara nan da shekara ashirin suna aji shida yanzu.

Hatsarin tafiyar ba abin ɓoyewa ba ne, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Mutanen jihar ba su manta da jirgin da ya nutse a Kwara kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Don haka ba a sa yaro a jirgi sai da rigar iyo, ba a cika jirgi, a kan kuma ƙidaya yara a duk shiga da fita. Wanka a tafki ma ba a yarda da shi, saboda tsargiya. Ƙwayar wannan cuta tana fita daga fitsarin mai ita, ta shiga jikin ƙaramar katantanwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Yara da yawa suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara, tana kuwa da magani. In an nuna wa yaro katantanwar a cikin kwalba ya fi tunawa da ita bisa ga jin labarinta. Sauro shi ma ba a yi masa sakaci, domin binciken da aka yi a 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓinsa.

Akwai tsoron da ya fi waɗannan nauyi. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan matan ba su ga gida ba sai 2023. A Nuwamba na 2024 aka kai hari Mera ta ƙasar Augie, maƙwabciyar Argungu, aka kashe mutane. A Nuwamba na 2025 kuma aka sace 'yan mata fiye da 20 daga makarantar kwana ta Maga. Uban da ya ji waɗannan ya ce ɗansa ba zai kwana waje ba, babu mai ganin laifinsa, malamin da ya raina wannan tsoro kuwa bai cancanci a ba shi amanar ɗan kowa ba. Abin da hankali ya bayar shi ne a daidaita tafiyar da zamanin. Ba a kafa tanti a daji, cikin gari a ke kwana, a makaranta mai katanga, da sanin Sarki da jami'an tsaro. Ba a tafiyar dare, ba a shelar ranar tashi, in kuwa masu tsaro suka ce a dakata sai a dakata ko da an riga an biya kuɗin mota. Makarantar da ba ta iya kai wa Argungu ba tana iya kwana a harabarta, ta yi sammako zuwa fadamar Dukku a bayan Birnin Kebbi. Da a bar abin ɗungum gwamma a rage shi, gama in tsoro ya tsare yara cikin ɗaki shekara da shekaru, ɓarayin daji sun sace musu ƙasarsu ke nan ko ba su taɓa ko ɗayansu ba.

Saura maganar kuɗi da ta 'yan mata. In aka ce kowa ya biya, to, 'ya'yan masu hali za su tafi, ɗan masuncin nan da tafiyar ta fi yi wa amfani a bar shi gida. Gara ƙungiyar iyaye da malamai ta haɗa abin da ya sawwaƙa, wani ya kawo mudun shinkafa, wani ya ba da aron mota, a tafi da aji duka ko a fasa duka. 'Yan mata kuma ba a barinsu baya. A kan tafi da malamai mata da wata dattijuwa cikin iyaye, a ware musu masaukinsu dabam. Mata ne ke ɗebo ruwa, su ke ƙyafe kifi su sayar, su ke jinyar yaro in tsargiya ta kama shi, saboda haka ba su fi kowa nisa da gulbi ba.

In an komo gida aikin bai ƙare ba. Malami ya kan sa kowane yaro ya rubuta abin da ya gani da Hausa tukuna, sa'an nan da Turanci, a zana taswirar hanya a bango, a jera sunayen kifi da tsuntsaye da itatuwa, kowane da sunan wanda ya fara ganinsa. A kan aika wa Sarkin Ruwa da dattijon da ya koyar da takardar godiya da goro. In aka adana littafin, ajin baɗi ya ƙara nasa, bayan shekara goma makaranta ta mallaki labarin gulbinta wanda babu irinsa a kanti, a ciki za a ga abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya taɓa tashi da asuba ya ga jirage na shigowa cikin hazo, in ya girma ya zama injiniyan dam ko hakimi ko mai gonar shinkafa, zai san akwai masu rai da yawa da ke shan ruwan da ya ke rabawa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba malamai da iyaye ikon kai yara su gani da idonsu.